Hatimin Fita a Fasfon Baba

Zuwa ga mahaifina, Malam Hedimasta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fatan ka tashi lafiya. Ya ibada, ya baƙunta? Ina gaida Gwaggo Dije da 'yarta Rabi da duk mutanen gidan. Allah Ya jiƙan mamacin da ka je wa ta'aziyya, Ya haskaka makwancinsa.

Inna na tsaye a kaina yanzu haka. "Rubuta masa," in ji ta, "shi abin da ba a rubuta ba bai san an faɗa ba. Shekara talatin da ɗoriya ina magana, da na sani da a takarda na riƙa miƙa masa." To ga shi na rubuta. Na kuma sa a shafina inda kowa zai gani, don tsofaffin ɗalibanka na Roni da Gwiwa da Kazaure su zama shaida. Na riga na kira Rabi, tana kan tudun nan na bayan rijiya inda sabis ɗin Najeriya ke kamawa. Za ta buɗe ta sauko ta karanta maka. Rabi, don Allah kada ki tsallake komai, har wuraren da zai ɗaure fuska.

Ka yi haƙuri in maimaita maka abin da ka sani, saboda masu karantawa da ba su sani ba.

Yau mako bakwai da ka bar Babura. Mijin yayarka Gwaggo Dije ya rasu a ƙauyensu da ke ƙetaren iyaka, cikin Nijar, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a babur ba. Ka ce kwana uku za ka yi. Kowa a garin nan ya san yadda ake zuwa can. Mata na zuwa suna da hantsi su dawo da la'asar. Masu awaki na zuwa, masu canjin sefa na zuwa, babu mai tambayar wani. A bi ta bayan gonaki, a wuce wata tsamiya, shi ke nan an shiga wata ƙasa. Kai kaɗai ne ka sa babbar riga, ka ɗauko fasfo daga ƙasan akwati, ka tafi bakin boda ka tsaya a taga har aka buga maka hatimin fita. Kai da kanka ka ba mu labari a waya, cikin jin daɗi, cewa sai da jami'in ya tashi ya nemo tawada.

Kwana biyu da isarka aka rufe iyaka ruf saboda korona.

Duk wanda kuka je ta'aziyyar tare ya dawo gida a makon, ta hanyar da ya bi ya je. Kai ka zauna. Da na kira ka, abin da ka ce da ni shi ne: "Uwata, a rubuce na fita daga ƙasata, a rubuce zan koma. In na shigo ta daji, a littafin gwamnati ina waje har in mutu." Na yi dariya a lokacin. Na ɗauka abin na mako ɗaya ne.

Baba, maganinka na hawan jini na mako biyu ka tafi da shi. Ka riƙa raba ƙwayar biyu har ta ƙare. Yau kusan mako uku rabonka da ita. Kai ne mutumin da shekara biyu da suka wuce hannunsa na hagu ya saki kofin shayi yana cikin magana, muka kwana goma a asibiti a Kazaure. Likitanka ya gaya maka a gabana cewa shanyewar jiki ta biyu ba ta zuwa da sauƙi irin ta farko.

Na san masu karatu za su ce ai can ma akwai magani. Akwai. Rabi ta samo wani a kemis, rubutun jikinsa duk Faransanci, ka sha kwana biyu jiri ya kayar da kai a gindin randa, ka ce ba ka ƙara shan abin da ba ka iya karanta sunansa. Na karanta wa likitanka sunan a waya harafi bayan harafi, ya ce ba irin naka ba ne. Babban asibitin can kuwa yana da nisa, su ma an taƙaita musu zirga-zirga.

Sai na aika maka naka ta hannun Iro. Ba sunansa na gaskiya ke nan ba, kai ka san wanda nake nufi: ɗalibinka na Gwiwa wanda yake ɗaga tuta a asambuli, yanzu yana acaba a nan, da 'ya'yansa shida da furfura a gemu. Ya durƙusa ya gaishe ka, ya miƙa maka ledar. Ka tambaye shi ta ina ya biyo. Mutumin da yake haye iyakar nan kullum ba tare da gabansa ya faɗi ba, ya kasa yi maka ƙarya. Ka mayar masa da ledar, ka ce ba ka shan fasa-ƙwauri. Da ya dawo ya ce da ni, "Malama, wallahi saura kaɗan ya ce in kama kunnena. Ni kuma da ya faɗa, da na kama." Sau biyu yana kai wa, sau biyu yana dawo da ita. Ledar tana nan a kan teburinka, har ta yi laushi saboda yawo.

Ban yi mamaki ba, don na san gidan da na tashi.

Na tuna gidan hedimasta a Roni, ina 'yar shekara bakwai. Rediyo na buɗe tasha da safe ta sa taken ƙasa, sai ka miƙe tsaye a tsakar gida, mu ma mu miƙe. Kokona ya sha hucewa saboda Najeriya. Inna kuwa ta koyi yin tsayuwar da ludayi a hannu.

Na tuna tutar makaranta. Duk ƙarshen zango sai ka kawo ta gida a wanke, Inna ta goge ta da dutsen guga na gawayi, kana tsaye kana kallon kada ta ƙone. Wata rana iska ta yar da ita daga igiya ta faɗa kusa da turken akuya. Ban taɓa ganin ka yi gudu ba sai ranar.

Na tuna hutuna na farko daga jami'a, na dawo da sababbin kalmomi ina neman inda zan gwada su. Na ce maka wannan iyakar da kake girmamawa layi ne da Turawa suka ja a tsakiyar gonar kakanninmu. Ka ce, "Na sani, ni na koyar da shi a aji shida. Amma an riga an ja, ni kuma na yi rantsuwa a kansa." Na ce kai ɗan mazan jiya ne. Ka ce ka karɓa, mazan jiyan ne suka gina makarantar da na yi. Ba ka taɓa yabon zanga-zanga ba, ba ka taɓa zagin shugaba a gabanmu ba ko da wanda ba ka zaɓa ba ne, kuma ranar zaɓe kai ne na farko a layi tun malaman zaɓen ba su gama jera tebur ba. A wurinka bin na gaba ibada ce, kuma ƙasa ba ta lalacewa a fadar gwamnati sai ta fara lalacewa a ɓarauniyar hanya. Na yi shekaru ina musu da kai a kan wannan. Ban taɓa tunanin musun zai koma kan jijiyar da ke cikin kanka ba.

Abin da na fi tunawa shi ne ranar kusufin rana a Kazaure, ina sakandare. Mutane sun yi ta faɗar abubuwa, wasu sun ce kada mai ciki ta fito, wasu sun rufe 'ya'yansu a ɗaki. Kai ka samo baƙin tabarau na kwali guda biyu, ka kama hannuna muka hau dutse, ka ajiye agogonka a tafin hannu. Ka ce masana sun faɗi mintin da za a fara. Da mintin ya cika, gefen rana ya fara cinyewa. Haske ya koma wani iri, kamar an zuba masa toka. Iska ta yi sanyi. Can ƙasa muka hango kaji na rige-rigen shiga akurki da hantsi, sannan gari ya yi duhu, tauraro ya fito. Na ƙanƙame rigarka. Na ji kana ta tasbihi. Da haske ya dawo, kafin mu sauka ka tafi sallar kusufi, ka ce da ni, "Kin gani ko, Uwata? Rana da girmanta doka take bi. Allah Ya tsara, Ya kuma ba ɗan Adam basirar ƙirga tsarin." A ranar na yanke shawarar karanta kimiyya. Kai ka jawo.

Saboda haka ba zan yi kamar ban fahimce ka ba. Ni ce nake koyar da ilimin halittu a Kazaure. Tunda aka rufe makarantu na dawo wurin Inna, babu abin da nake yi a shafin nan sai faɗa da mutane: ku sa takunkumi, ku daina musabaha, ku daina zagaye shingen jami'ai ta cikin gonaki. Na rubuta wani dogon bayani a kan masu bin ɓarauniyar hanya, na kira su da sunayen da yanzu nake jin kunyarsu. Rabi ta ce da ta karanta maka shi ka ce a sake daga farko. Shi ne karo na farko da muka tsaya a gefe ɗaya a siyasa, ni da kai. Waɗanda na yi wa faɗan suna karanta wannan wasiƙar, na kuma san sun ajiye hoton wancan rubutun. Su fito da shi, sun yi daidai.

Ga abin da ya canza.

Shekaranjiya Rabi ta turo mini bidiyo. Ba ka san ta ɗauka ba, kada ka yi mata faɗa, ni na sa ta. Kana zaune a kan tabarma a inuwar zaure za ka yi alwalar la'asar. Ka kai hannun hagu ga buta, yatsunka suka rufe a gefenta, ba su kama ta ba. Ka sake. Sannan ka waiga ko wani na kallo, ka ɗauka da dama. Da ka ɗago kana amsa gaisuwar wani, gefen bakinka na hagu bai tashi tare da na dama ba.

Daƙiƙa arba'in ne duka. Na kalle shi ban san adadi ba. Na tsayar, na buɗa hoton da yatsu biyu har fuskarka ta cika wayar. Kai ne kake cewa wayar nan abin al'ajabi ce, mutum yana Babura ya ga fuskar ɗansa a Makka. Gaskiyarka. Ta nuna mini abin da muryarka ta yi mako uku tana ɓoye mini. Yanzu na gane dalilin da ya sa hirarmu ta koma "lafiya lau, lafiya lau, a gaida Innarki", sai ka kashe. Ba ka so in ji harshenka na nauyi.

Na tura wa likitanka. Bai rubuto amsa ba, kira ya yi.

Baba, tsoro nake ji. Ban saba faɗar wannan ba, ka san ni, na fi iya zolaya. Tunda azumin nan ya kama, babu ranar da ba a jin rasuwar wani dattijo, daga Kano, daga nan kusa. Malam wane, Alhaji wane, sa'anninka, wasu abokan aikinka. A yi jana'iza da mutane kaɗan, a hana zaman makoki, a yi ta'aziyya a waya. Duk sanda wayata ta yi ƙara na ga lambar Nijar, sai na zauna kafin in ɗauka. Inna ta daina barin rediyo a kunne lokacin sanarwa. Jiya na same ta ta fito da rigunanka tana shanyawa, babu abin da ya same su, ta ce wai kada su yi warin akwati.

Abin da ya fi tsorata ni kuma shi ne na san yadda za ta kasance in abin ya faru a can. Za a binne ka a ƙauyen su Gwaggo kafin azahar, mu ji a waya. Fasfonka zai dawo a aljihun wani ta bayan gonaki, da hatimin fita, babu na shiga. Abin da kake gudu shi zai tabbata, a littafin gwamnati kana waje.

Shamuwa ta iso ranar Talata. Na san za ka tambaya. Guda biyu suka fara sauka a kan tsamiyar ƙofar gida da hantsi, washegari suka zama shida, yanzu suna ta ɗaukar kara suna gyara sheƙar bara. Na ɗauko littafinka mai baƙin bango wanda kake rubuta ranar zuwansu duk shekara tun muna Roni, na rubuta ta bana a ƙarƙashin rubutunka. Hannuna ne na farko da ya shiga littafin bayan naka, kuma ban ji daɗin ganin hakan ba. Kai ka koya mini cewa daga can kudancin Afirka suke tasowa, su ƙetare ƙasashe ba su ɓata ba, su sauka a bishiyar da suka bari, su gaya wa manomi damina ta kusa. Wasu daga cikinsu sun wuce ta kanmu sun yi arewa, wataƙila suna kan bishiyar gidan Gwaggo yanzu. Ba zan ce maka su ba su da fasfo ba. Na san amsarka, za ka ce shamuwa ba ta yi wa ƙasa rantsuwa ba, kai ka yi.

To ba zan roƙe ka ka karya rantsuwarka ba. Na daina. Ka zauna har a buɗe boda a buga maka hatiminka, in Allah Ya kai mu ni zan raka ka tagar.

Ni ce zan zo.

Na ɗauko ledar daga kan teburinka. Na haɗa da takardar da likitanka ya aiko mai sa hannunsa, tunda kai sai da takarda, ya rubuta yadda za ka sha da sahur, ya kuma rubuta cewa in jikin ya ƙi ka ajiye azumin, ka san hukuncin ka fi ni. Na ɗauko na'urar awon jininka da kake kira ƙaramin likita, na sa mata sabon batir. Iro zai kai ni ta hanyar da ya saba, ban kuma faɗi wace ba. Ban taɓa taka dokar da ta wuce ta shiga aji a makare ba. Ina tsoron masu sintiri. In sun tare mu aikinsu suka yi, zan nuna musu ledar da takardar, in gaya musu 'yar wane ce ni, wataƙila a cikinsu akwai wanda ka koya wa taken ƙasa. Ina kuma tsoron in kai maka cutar da ake rufe iyakar dominta. Mako shida ban fita ko ƙofar gida ba, zan zo da takunkumi, zan gaishe ka daga nesa, ba zan taɓa ka ba sai wurin ɗaura maka na'urar. Iya abin da na iya ke nan. Na auna tsoron biyu, na wannan bidiyon ya fi nauyi.

Laifin nawa ne ni kaɗai, ga shi na rubuta shi da hannuna a gaban jama'a, babu ɓoye-ɓoye. Kai ba ka haye ko'ina ba, ba ka aiki kowa ba. In ka ga dama, ranar da aka buɗe boda ka kai ƙarata da kanka, zan bi ka.

Saura maganar ko za ka karɓa.

Baba, tunda aka haife ni ba ka taɓa kiran sunana ba. Sunan mahaifiyarka ka sa mini, shi ya sa nake Uwata. Ina ƙarama in na yi ɓarna Inna ta ɗauko tsintsiya, sai ka ce a bar maka uwarka. Shekara talatin ina cin moriyar sunan nan a alewa da kariya, ban taɓa amfani da shi a kan wani abu mai nauyi ba. Yau zan yi. Gwaggo Dije tana kusa da kai, ka tambaye ta in ƙarya nake: mai sunan nan a wannan ƙauyen da kake zaune aka haife ta. A kan jaki aka kawo ta Babura, ta bayan gonakin nan, ta gefen tsamiyar nan. Ta koma wankan jego can da kai a goye ta wannan hanyar, ta dawo da kai ta wannan hanyar. Har ta koma ga Allah ba ta san kalar tawadar boda ba. Da ita ce ta miƙo maka ƙwaya da kofin ruwa, ba za ka tambaye ta ta ina ta biyo ba.

Kai ka ce bin na gaba ibada ce. Kai ka naɗa ni a wannan matsayin tun ina cikin zanen goyo, ban nema ba. To uwarka tana zuwa, kuma za ka sha.

In ka ƙi, ba zan yi musu da kai ba. Zan shimfiɗa tabarma a tsakar gidan Gwaggo in zauna, ni da ledar, har ranar da za ka karɓa ko ranar da za a buɗe boda. Inna ta ce in gaya maka in ka bar ta ita kaɗai a gidan nan da shamuwa har salla, ita ma ta san hanyar.

Allah Ya ba ka lafiya, Baba. Allah Ya riƙe wannan hannun na hagu, Ya sake maka harshenka, Ya tsare jijiyoyin kanka har in iso da bayan na iso. Allah Ya yaye mana wannan annoba, Ya jiƙan dattawan da ta ɗauka da waɗanda aka binne babu 'ya'yansu a kusa. Allah Ya zaunar da ƙasar nan da kake ƙauna lafiya, da wadda ta ba ka masauki. Allah Ya sa da ƙafarka za ka tsaya a tagar nan a buga maka hatimin shiga, Ya sa da hannunka za ka rubuta zuwan shamuwar baɗi. Ya yafe mini abin da zan yi yanzu, kai ma ka yafe mini. Amin.

'Yarka mai biyayya, ban da yau,
Uwata

Ƙarin bayani: Iro ya iso, ga ƙarar babur ɗinsa a waje. Inna ta cusa mini ƙullin dabino da hularka mai ruwan toka, ta ce wadda ka tafi da ita ta isa wanki. Ta rako ni har soro tana addu'a, ba ta yi kuka ba, ta ce in gyara takunkumina ya rufe hanci. Na fito. Ta tura ƙyauren a bayana, na ji ta sa sakata. Rabi, ki fara saukowa daga tudun. Kafin ki kai masa ƙarshen wannan, ku saurari babur.